Fito a cikin naɗin sauti: yadda ake haɗa matatar da ke tare abin da kunne ba ya ji

Wani ƙanenmu da ke Tawa ya aiko da tambaya. Yana da ɗan ɗakin naɗar sauti inda yake naɗar wa'azi da tallace-tallace, ranar biki kuma yana ba da hayar kayan sono. Wutarsa ta sola ce da inbata. Ya ce idan ya saurara daga miksa sauti fes yake, amma in ya kunna abin da kwamfuta ta naɗa sai ya ji wani siririn fito a ƙarƙashin magana. Ga tuwitocin lasifikarsa, wato ƙananan lasifikun da ke fitar da siririn sauti, su ma suna yawan ƙonewa. Wani ya ce masa sautin da ya wuce jin kunne ne ke jawo duka biyun, ya haɗa matata mai ampili-op, wato ɗan guntun lantarki mai ƙarfafa sigina, ta yanke duk abin da ya haura 20 kHz. Yana neman lissafi da kayan da zai saya.

Ƙanena, wanda ya ba ka shawarar nan bai yi ƙarya ba, amma ya haɗa cuta biyu ya ba su magani ɗaya. Zan ba ka lissafin matatar, kuma ba ta da wuya, aikin yini ɗaya ce. Sai dai kafin ka sa ƙarfen liƙi a wuta ina so ka gano ta wace ƙofa abin yake shigo maka, domin matatar nan ba ta da amfani sai ta tsaya tsakanin inda dattin ya fito da inda yake yin ɓarna. In ka sa ta a wani wuri, ka yi asarar dalmarka.

Kunnen ɗan Adam yana ji daga kaɗawa 20 a sakan, wato 20 Hz, zuwa kamar 20,000, wato 20 kHz, wannan ma kunnen yaro ne. Yawancin manya ba sa kaiwa nan, wanda ya yi shekaru a gaban lasifikar biki kuwa ba a magana. Abin da ya sa ake damuwa da kaɗawar da ba a ji shi ne na'urori ba sa barin ta a can sama inda take. Babu ampili ko lasifika da ke mayar da abin da aka ba ta daidai ɗari bisa ɗari. Idan kaɗawa biyu suka shiga tare, na'urar tana haifar da ta uku wadda ita ce bambancinsu. Ka ɗauki 30 kHz da 32 kHz: ba wanda zai ji ko ɗaya daga ciki, amma bambancinsu 2 kHz ne, daidai wurin da kunne ke da kaifi.

Akwai hanya ta biyu, kuma ita na fi zargi a wurinka tunda ka ce a miksa ba ka jin komai sai a naɗi. Kwamfuta ba ta ɗaukar sauti a jere, ɗibarsa take yi, sau 44,100 ko sau 48,000 a sakan. Iyakar abin da za ta iya riƙewa daidai shi ne rabin wannan adadi, 22,050 Hz ko 24,000 Hz. Duk abin da ya haura wannan iyaka kuma ya samu ya shiga, ba ɓacewa yake yi ba, naɗewa yake yi ya dawo ƙasa da wata murya. Lissafinsa ragi ne kawai. Kaɗawar 38 kHz, in ana ɗiba sau 44,100, tana dawowa a 6,100 Hz. In ana ɗiba sau 48,000 tana dawowa a 10,000 Hz. Katin sauti na kirki yana da nasa mai gadi da ke tare yawancin wannan, amma ƴan ƙananan na USB masu arha da suka cika kasuwa ba duka ake dogara da su ba. Da zarar fiton ya sauko cikin maganar malam ya riga ya shige, matatar da ke yanke sama ba ta da yadda za ta yi da shi. Dole ta tare shi tun yana can sama, kafin mashigar katin.

Wannan ragin shi ne zai ba ka gwaji mafi arha. Ka naɗi minti ɗaya na shiru a 44,100, ka sake naɗar wani a 48,000, ba tare da ka taɓa ko waya ɗaya ba. Ka buɗe su a Audacity, manhajar gyaran sauti, ka duba zanen da ke nuna ƙarfin kowace kaɗawa. Fiton zai fito kamar tsinke a tsaye. In tsinken ya sauya wuri tsakanin naɗin biyu, to daga sama ya naɗo, kuma matata za ta yi maka aiki. In yana nan daram a wuri ɗaya, da alama tun asali a cikin zangon ji yake, ko kuma an haife shi kafin ya iso katin. Ka lura da lambar da ya tsaya a kai. Idan 1,000 Hz ne cif, ko 8,000 Hz cif, ka zargi USB ɗin kansa, domin da wannan saurin yake aika bayanansa, kuma ƙarar takan bi ta wutar da ke ciyar da katin ta shiga. Wancan kuwa "dit-dit-dit" da ake ji kafin kira ya shigo, na wayar salula ne, 217 Hz, maganinsa a nisanta waya da miksa a kuma sa zoben ferit a kan igiya. Matatar 20 kHz ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Bayan haka sai ka bi kayan ɗakin ɗaya bayan ɗaya. Ka zare cajar kwamfuta ta koma kan batirinta, ka naɗa. Ka kashe ƙwayayen LED, ka naɗa. Ka kashe ampili. In miksarka tana iya aiki da batir, ka kashe inbata gaba ɗaya. Duk waɗannan na'urori tsinka wuta suke yi suna haɗawa da sauri. Inbata mai fitar da wuta lafiyayya tana yin haka ne yawanci a kusa da 20 kHz ko sama, cajoji daga kamar 50 kHz zuwa sama da 100 kHz, haka ma na'urar da ke tsakanin faifan sola da batir. Inbata mai arha, wadda wutarta ke fita tsani-tsani, ita ƙararta "zzzz" ce a cikin zangon ji, daga 50 Hz da ninkinsa, wannan kuma wata magana ce daban. A ɗakunan da nake shiga a nan Yamai, cajar kwamfuta ce ta fi yawan zama mai laifi, kuma a nan gizo ke saƙa: dattinta ba ta layin sauti yake shiga ba, ta layin mas yake bi, wato garkuwar igiyar da ta haɗa miksa da kwamfuta. Matata a kan layin sauti ba ta ganin wannan sosai. In zare caja ya kashe fiton, ka naɗa a kan batir, ko ka sa ƙaramin taransifoma na sauti mai ɗaya-da-ɗaya ya raba mas ɗin biyu, shi ke nan an gama.

To a ce gwaji ya nuna daga sama abin yake naɗowa. Ga matatar.

Resista ɗaya da kondensa ɗaya ma matata ce. Resista a jere da sauti, kondensa daga bayanta zuwa mas. Iyakar yankanta ita ce 1 a raba da 2π × R × C, inda R ke nufin darajar resista, C kuma ta kondensa. Matsalarta gangararta a kwance take: duk lokacin da kaɗawa ta ninka, desibel 6 kawai take ragewa, wato rabin bolt ɗin. In ka sa iyakarta a 20 kHz ta cinye maka hasken sauti, amma a 40 kHz rabin dattin yana nan. In ka jera irinta biyu ko uku, ta baya tana danne ta gaba, gwiwar, wato wurin da gangarar ke farawa, ta zama lagwas. Amfanin ampili-op ke nan: yana raba matakan kada su danne juna, kuma yana mayar da wani ɓangare na mafita zuwa tsakiyar matatar, sai ta riƙe sauti a miƙe har kusa da iyaka sannan ta gangara. Tsarin da ya fi sauƙi shi ne wanda R. P. Sallen da E. L. Key na cibiyar binciken Lincoln ta MIT a Amurka suka wallafa a 1955. Siffar gangarar da za mu zaɓa kuwa ta Stephen Butterworth ce, injiniyan Ingila da ya fitar da ita a 1930, wadda ke barin zangon ji a shimfiɗe ba tudu ba kwari. Akwai ta Chebyshev mai yanka da kaifi amma tana da ƴan tuddai, akwai ta Bessel mai kiyaye siffar sauti amma gangararta a hankali take. Don aikinka, Butterworth ta wadatar.

Na tsara maka mai mataki uku, desibel 18 a kowane ninki, kuma na zaɓi lambobin yadda iri ɗaya kawai za ka nema. Kowane ɓangare, hagu ko dama, yana buƙatar TL072 ɗaya (guntu mai ƙafa takwas da ampili-op biyu a ciki), resista 2.7 kΩ guda uku, da kondensa 1 nF guda bakwai, ban da ƴan kayan gefe da zan faɗa a ƙasa. Kondensar 1 nF ita ce wadda aka rubuta wa 102 a jiki. In ka haɗa biyu ƙafa da ƙafa ka sami 2 nF, in ka haɗa huɗu ka sami 4 nF. Na san akwai 3.9 nF a duniya, amma na fi so ka sayi tsiri ɗaya na 102 daga buhu ɗaya, domin ƴan buhu ɗaya sun fi zama kusa da juna, kuma dangantakar da ke tsakaninsu ita ce ke riƙe siffar gwiwar.

Ka riƙe TL072 da ɗigon a sama ta hagu, ƙafa ta 1 ke nan, a ƙirga zuwa ƙasa har 4, a tsallaka a hau daga 5 zuwa 8. Sauti yana shigowa ta jak, a nan ka sa resista 100 kΩ zuwa mas don kada mashigar ta yi yawo idan an zare igiya. Daga jak, 2.7 kΩ ta farko ta tafi ƙafa ta 3, kuma daga ƙafa ta 3 ka saukar da 2 nF zuwa mas. Ka haɗe ƙafa ta 2 da ta 1. Matakin farko ya ƙare. Daga ƙafa ta 1 ka jera sauran 2.7 kΩ biyu, ɗaya bayan ɗaya, su ƙare a ƙafa ta 5. Daga ƙafa ta 5 ka saukar da 1 nF zuwa mas. Daga mahaɗar resistocin biyu ka kai 4 nF zuwa ƙafa ta 7, ba zuwa mas ba, a nan ne mutane suka fi kuskure. Ka haɗe ƙafa ta 6 da ta 7. Mafita daga ƙafa ta 7 take, ta cikin resista 100 Ω. Ƙafa ta 8 ta wutar ƙari ce, ta 4 ta ragi, kowacce da kondensa 100 nF zuwa mas, a liƙe ta dab da ƙafar, ba can nesa a bakin allo ba.

Lissafin ya faɗi a 29.5 kHz. Matakin farko 2.7 kΩ ne da 2 nF. A mataki na biyu, 4 sau 1 huɗu, tushensa 2, sai ya zama 2.7 kΩ da 2 nF shi ma, iyaka ɗaya ke nan. Za ka ce ai 20 kHz ka nema. Da gangan na ɗaga ta. A kan iyakar kanta matata ta riga ta rage desibel 3, don haka in ka dasa ta a 20 kHz cikin sautinka take ci. Da 29.5 kHz, asararka a 15 kHz ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na desibel ba, a 20 kHz kamar 0.4, abin da ba kunnen da zai kama. A sama kuwa, 38 kHz ta ragu da desibel 7.5, 60 kHz da kusan 19, 100 kHz da kusan 32, wato daga kashi arba'in saura ɗaya. Ka duba lambobin nan da idon basira. Ga dattin cajoji da na ampili mai tsinka wuta, matatar nan ta isa. Ga abin da ke zaune dab da bakin 20 kHz kuwa ba ta yin abin kirki, kuma babu matata mai sauƙi da za ta yi. Tunda wa'azi da talla ne yawancin aikinka, muryar mutum ba ta buƙatar 20 kHz. Ka mayar da resistocin uku 4.7 kΩ, kondensoci su zauna yadda suke, iyakar ta sauko 16.9 kHz. Yanzu 38 kHz ta ragu da desibel 21. Ni da zan haɗa maka, mai 4.7 kΩ zan sa a layin naɗar magana.

Akwai masu jera matata mai mataki biyu iri ɗaya sau biyu su ce sun sami Butterworth mai mataki huɗu. Ba su samu ba, sun sami mai rage desibel 6 a kan iyaka. Mai mataki huɗu ta gaskiya tana so ɓangarenta ɗaya ya kasance da kondensar sama ta ninka ta ƙasa sau 1.17, ɗayan sau 6.83, kuma waɗannan ba sa fitowa daga buhun 102 cikin sauƙi.

Resista da kondensar da na sa a gaban komai ba don cika lissafi kawai suke nan ba. Ampili-op yana da iyakar saurin da mafitarsa ke iya juyawa. Don ya bi kaɗawa, yana buƙatar 2π sau kaɗawar sau tsayin bolt ɗinta. Sautin 20 kHz mai tsayin bolt 10 yana son bolt 1.26 a mikrosakan, amma datti mai bolt 1 kacal a 300 kHz yana son 1.9. Ampili-op irin LM358 da 741 ba sa wuce kamar rabin bolt a mikrosakan. In irin wannan datti ya faɗo musu kai tsaye sai su kasa bi, su murɗe shi, su haifar da ƙarar da ake ji, ka ga matatar da aka haɗa don gyara ta zama mai ɓatawa. TL072 yana kai bolt 13 a mikrosakan, NE5532 yana kai 9. Ko da su, gara a rage wa dattin ƙarfi da abin da ba ya gajiya kafin ya taɓa ƙafa ta 3. Ƙafafun waɗannan duka a jere ɗaya suke in ban da 741, don haka ka sa soket mai ƙafa takwas, in wanda ka saya ya zama jabu ka zare ka sa wani. Jabu kuwa suna nan, LM358 ne ake gogewa a buga masa sabon suna. Wanda ka ciro daga tsohuwar miksa a wurin masu gyaran rediyo, ko a cikin tarin alluna irin na kasuwar Katako, sau da yawa ya fi sabo gaskiya.

Tsarin Sallen da Key yana da wani hali da littattafan makaranta ba su cika faɗa ba. A takarda gangarar tana ta sauka ba iyaka. A zahiri, in kaɗawa ta yi sama sosai ampili-op ya gaza riƙe mafitarsa, sai dattin ya bi ta cikin kondensar 4 nF ɗin nan ya zagaye shi ya fita. Gangarar ta tsaya, har ta fara hawa. Matakin farko yana rage wannan, kuma za ka ƙara da kondensa 2 nF daga bayan resista 100 Ω ta mafita zuwa mas. Wanda ke son ya kauce wa abin tun daga tushe sai ya koma tsarin da littattafan Faransanci ke kira na Rauch, inda kondensar farko ke sauka mas kai tsaye. Ya fi riƙe sama, sai dai yana juya sautin kuma lissafinsa ya fi tsawo.

Kan kondensa kada ka yi arha, musamman a Tawa. A watan Afrilu da Mayu inuwa ma tana haura digiri 40, balle cikin akwatin ƙarfe a ɗaki mai rufin kwano. Ƴan faya-fayan yumɓun nan masu ruwan ƙasa, in irin Y5V ne, ƙa'idarsu ta yarda su rasa har kashi 82 cikin ɗari na ƙarfinsu a iyakar zafi ko sanyi, irin X7R kuma kashi 15, ga shi suna sauyawa da bolt ɗin da ke kansu su murɗe sauti. Matatar da ka auna da sanyin safiya ba ita za ka samu da azahar ba. Ka nemi na yumɓu masu alamar C0G ko NP0, ko na leda. Korayen nan masu rubutun 2A102J sun isa, harafin J yana nufin kuskurensu bai wuce kashi 5 ba, K kuma kashi 10. Resista ka nemi shuɗaye masu zobe biyar, na kashi 1. In abin da ke ciyar da matatar yana da nauyin mafita mai yawa, wato tamkar da babbar resista a mafitarsa, kamar wasu rediyoyi, wannan nauyin yana haɗuwa da 2.7 kΩ ta farko ya saukar da iyaka, sai ka rage mata daidai gwargwado. Mafitar miksa ba ta da wannan matsala.

Wutar da za ka ba ta ma abin dubawa ce. Batir biyu na bolt 9 a jere, tsakiyarsu ta zama mas, sun fi komai tsabta. In kana son ta dindindin, taransifoma na ƙarfe da masu daidaita wuta 7812 da 7912. Kada ka ciyar da ita daga cajar waya ko ɗan allon ɗaga bolt, domin dattin da kake kora ta gaba shi za ka shigo da shi ta baya. Ka sa ta a akwatin ƙarfe da aka haɗa da mas, igiyar da ke tsakaninta da katin sauti ta zama gajera.

Idan wani lokaci kana naɗar shiri daga rediyon FM, wannan yana da nasa hali. Tashar sitiriyo tana aika sauti har 15 kHz, sannan ta ɗora wata kaɗawa a 19 kHz da ke gaya wa rediyo ya buɗe sitiriyo, bayanin hagu da dama yana kewaye da 38 kHz, rubutun sunan tasha kuma a 57 kHz. Rediyo mai arha yana barin ragowarsu su fita ta mafitarsa. Matatar 16.9 kHz tana maganin 38 da 57, amma 19 ƙasa da desibel 5 take rage mata, domin tsakanin 15 da 19 kusan sulusin ninki ne kawai. Tsofaffin injinan kaset masu Dolby suna da maɓalli na musamman mai suna MPX saboda wannan 19 kHz ɗin. Kai ba sai ka wahala ba. Tana ƙasa da 22,050, don haka kwamfuta za ta naɗe ta a inda take, ka cire ta daga baya a Audacity da matatar da ke haƙe kaɗawa ɗaya tak. Wanda ba shi da wannan sauƙi shi ne ma'aikacin rediyon al'umma da ke ɗauko shiri daga wata tasha yana sake watsawa kai tsaye, domin 19 kHz ta waccan tasha tana iya karo da ta tasa na'urar.

Saura tuwita. A nan ba na jin matatar za ta cece ka. Tana aiki ne a layin ƙaramin sauti, kafin ampili, ba ta iya ɗaukar wutar lasifika. In ampilin ne da kansa ke haifar da dattin, sa ta a gabansa kamar tace ruwa ne da ƙyalle a zuba shi a tulu mai laka. Ampili na ajin D tsinka wuta shi ne aikinsa. Guntun TPA3116 da ke cikin allunan da suka yi yawa yanzu yana yi daga 400 kHz zuwa 1.2 MHz, kuma abin da ke tare wannan shi ne naɗin waya da kondensa a mafitarsa, yawanci 10 µH da 680 nF, masu yanka a kusa da 61 kHz. Ka buɗe ka duba ko suna nan, domin akwai alluna masu arha da ke sa ƙanana ko su maye su da ɗan ferit. Tsohon ampili na ajin AB kuma yana iya kama kaɗawa da kansa a can sama ba wanda ya ji. Alamarsa, ka kunna shi ba sauti, bayan ƴan mintoci ƙarfen sanyayarsa ya yi zafi. Ka duba kusa da mafita, akwai wata resista, yawanci 10 Ω, a jere da kondensa 100 nF. In ta yi baƙi-baƙi, fentinta ya tsage, allon ƙarƙashinta ya yi ruwan toka, to ampilin yana kaɗawa, domin sauti na yau da kullum ba ya dafa ta haka. Doguwar igiyar lasifika da tuwitocin fiyezo da aka jera da yawa ba resista a gabansu suna jawo wannan.

Amma in gaya maka gaskiya, yawancin tuwitocin da ake kawowa a ƙone, abin da ya kashe su kowa ya ji shi da kunnensa. Ana tura ampili har jan fitilarsa ta zauna a kunne, ga mai sanarwa ya tsaya da makirfo a gaban lasifika tana kuwwa. Kuwwar nan kaɗawa ɗaya ce da cikakken ƙarfin ampili, kuma siririyar wayar tuwita ƴan wat kaɗan take ɗauka a jere. Ka duba kondensar da ke gaban tuwita a cikin akwatin lasifika, wadda ke hana ƙananan kaɗawa isa gare ta, ko ta kumbura ko wani mai gyara ya tsallake ta da waya. Kuma in za ka auna mafitar ampili na ajin D, ka sani a yawancinsu ƙafafun biyu duka masu rai ne, baƙar ma ba mas ba ce. Kada ka haɗa ta da katin sauti ko da mas ɗin osiloskop.

Idan ka gama haɗa matatar, kada ka auna ta da multimita, yawancin masu arha ba sa karanta gaskiya a irin waɗannan kaɗawa. In katinka yana iya ɗiba sau 96,000, yana gani har 48 kHz. Ka sa Audacity ya fitar da kaɗawa a 1, 10, 15, 20, 30 da 40 kHz, lasifika a kashe, ka naɗe su sau biyu: da igiya kai tsaye daga mafitar kati zuwa mashigarsa, sannan ta cikin matata. Bambancin naɗin biyu shi ne aikin matatar, kuskuren katin ya fita daga lissafi. A mai 2.7 kΩ ya kamata ka ga kamar desibel 3 a 30 kHz, kusan 9 a 40 kHz. In ka ga tudu kafin gangara, ko sautin ya fara sauka tun 10 kHz, ka koma kan 4 nF da 1 nF, ko an musanya su, ko ƙafar 4 nF ta sauka mas maimakon ƙafa ta 7. Ka turo mini lambar da tsinken ya tsaya a kai a naɗin 44,100 da na 48,000, daga su biyun za mu lissafa ainihin kaɗawar da ke shigo maka.